Mudun da Bai San da Hutu Ba

Ranar wata Babbar Sallah, an sauko daga idi, an kayar da rago, yara sun kewaye mahauci suna jiran a gasa musu hanta, sai na duba ban ga ƙanena ba. Da na leƙa ɗakin soro sai na tarar da shi zaune a bakin katifa, da sabuwar shaddarsa da hularsa, kwamfuta a kan cinya. Shi injiniyan manhaja ne, daga gida yake yi wa wani kamfanin ƙasar waje aiki, kuma na san tun mako biyu kafin nan ya nemi hutun kwana uku an ba shi.

Na ce, "Kai kuma lafiya? Ba hutu ka ɗauka ba?"

Ya ce, "Na ɗauka, Yaya. Manajana ya sani, ofishin kula da ma'aikata ma sun sani. Allon ne bai sani ba."

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Sunayen ma'aikata ne a jere, kowa da lambobi a gabansa: sau nawa ya tura gyara a makon, ayyuka nawa ya rufe, kwana nawa kowane aiki ya yi a hannunsa. Abin da na same shi yana yi kuwa, haruffa biyu ya gyara a wata takardar bayani da ba wanda ke karantawa, ya tura, don kawai kada ranar ta fito fayau. Minti goma abin ya ci. Amma tun muna filin idi na lura hankalinsa ba ya jikinsa, ashe yana can wurin allo.

Ga wanda bai san wannan sana'a ba, bari in ɗan warware. Masu rubuta manhaja ba sa aiki a takarda. Duk gyaran da mutum ya yi wa kod, wato rubutun da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi, yana tura shi ne wani rumbu na tarayya irin su GitHub, rumbun kuma yana rubuta sunansa da ranar da sa'ar. Kamfanoni da yawa suna yanka aikinsu zango-zango, galibi mako biyu kowane zango. A farkon zango rukunin ma'aikata su zauna su zaɓi ayyukan da za su ɗauka, su ba kowane aiki maki gwargwadon nauyinsa: wannan maki biyu ne, wancan biyar, wancan takwas. A ƙarshen zango a tara makin abin da aka gama, a kira shi gudun rukuni. Akwai manhajoji irin su Jira da ke yin wannan lissafin da kansu, su zana shi a allo, layi ya hau ko ya sauka.

Shi kuwa hutu, a wani rumbun dabam ake rubuta shi, na ofishin kula da ma'aikata. A kamfanoni da dama rumbunan nan biyu ba sa ga maciji, kowanne yana harkarsa. Saboda haka idan ma'aikaci ya tafi hutu, allon aiki ba ya rubuta cewa ba ya nan. Sifili yake rubutawa.

To ai sifili iri biyu ne. Kowane malamin makaranta ya san bambancin ɗalibin da ya zauna jarrabawa ya miƙa farar takarda, da ɗalibin da ranar jarrabawa yake kwance a asibiti. Na farko sifili ya ci. Na biyu, gurbinsa ake bari a rubuta "bai halarta ba", domin idan aka zuba masa sifili aka haɗa da sauran darussa aka raba, an yi masa ƙarya, an kuma yi wa ajin ƙarya. Abin da malamin firamare ya sani ke nan tun tuni, amma allunan kamfanoni masu tsada suke tuntuɓe a kansa.

Mu ɗauki misali mu lissafa. A ce rukuni ne na mutum 5, zangonsu mako biyu, wato ranakun aiki 10. Idan kowa yana nan, suna da yinin aiki 50 a tsakaninsu. A ce sun saba gama maki 40 a zango; kowane yini ke nan yana ba da maki 0.8. Sai ga zangon da Sallah ta faɗo ciki. Gwamnati ta ba da hutun kwana 2, yini 10 sun tafi ke nan tun da su biyar ne. Ɗayansu ya haɗa da hutunsa na shekara, bai dawo ba har zangon ya ƙare, yini 8 sun ƙara tafiya. Wata kuma zazzaɓi ya kwantar da ita kwana 2. Saura yini 30. Da aka zo ƙarshen zango, maki 27 suka gama.

Shugaban da ya kalli allo zai ga layi ya faɗo daga 40 zuwa 27, kusan kashi ɗaya cikin uku ya zube. Sai ya kira taro yana tambayar me ya sa aka yi sanyi. Amma raba 27 gida 30 ka gani: 0.9. Mutanen nan a kowane yinin da suka zauna sun fi yadda suka saba ƙoƙari. Wanda ya kamata a ce masa sannu da aiki, shi ake tuhuma. Kuma abin bai tsaya nan ba, don zango na gaba idan kowa ya dawo aka koma 40, shugaban zai ɗauka faɗan da ya yi ne ya yi amfani, gobe ma ya ƙara.

Akwai wani ma'aunin da hutu ke ɓatawa ta hanyar da ta fi wannan ɓoyuwa, wato tsawon lokacin da aiki ke ɗauka daga farawa zuwa gamawa. Agogon wannan ma'auni ba ya tsayawa don mai aikin ya yi tafiya. A ce ayyuka 10 aka gama a wata guda. Tara daga ciki kwana bibbiyu suka ci. Ɗaya kuwa mai shi ya fara shi ana gobe zai tafi hutu, ya zauna yana jiransa har kwana 22. Idan aka tara aka raba, sai a ce kowane aiki kwana 4 yake ci a wannan rukuni, alhali babu aiki ko ɗaya da ya ci kwana 4. Da a ce jera su aka yi daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiyar layi, da 2 za a samu, kuma ita ce gaskiyar yadda suke aiki. Shi ya sa masu lura suka fi son lambar tsakiyar layi a kan ta tara-a-raba. Shi wancan aikin na kwana 22 kuma yana da abin da yake faɗa, sai dai ba a kan wanda ya tafi hutu ba: yana faɗa ne cewa a wannan rukunin ba a iya miƙa aiki ga wani kafin tafiya ba.

Wa wannan tauye mudu ya fi cuta? Shekara tana da ranakun aiki kusan 261 idan an cire Asabar da Lahadi. Wanda ya yi hutun shekara na kwana 25, ga ranakun hutun gwamnati 10, ya rasa kashi 13 cikin ɗari na shekararsa. Idan da jimillar shekara ake auna shi, dole ya zo ƙasa da wanda ya ƙi tafiya ko'ina, ko da ya fi shi iya aiki. Amma wannan mai sauƙi ne. Dubi matar da ta haihu. Hutun mako 14, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta tanada, ranakun aiki 70 ne. A kamfanin da ke tantance ƙwazo duk wata shida, wato ranaku kusan 130, fiye da rabin lokacin ba ta nan. Idan aka jera sunanta da na sauran a allo ɗaya ba tare da an cire ranakun ba, ita ce ta ƙarshe, kuma da wannan jeren ake duba ƙarin girma, da shi ake duba wanda za a sallama in kasuwa ta yi sanyi. Ba wanda ya zauna ya ce a hukunta mai jego. Lissafin ne ya hukunta ta, kowa kuma ya wanke hannunsa. Haka mai jinyar mahaifi, haka wanda aka yi wa rasuwa, haka wanda Allah ya kira Hajji ya yi wata guda ba ya nan.

Sannan kamfanonin manhaja na yanzu ma'aikatansu a warwatse suke, wani a Legas, wani a Balin, wani a Kalifoniya, kuma dokar hutu ba ɗaya ba ce. Tarayyar Turai ta wajabta aƙalla mako 4 na hutu da albashi a shekara. A Birtaniya kwana 28 ne ga mai aikin kwana biyar a mako. Faransa mako 5 take bayarwa tun 1982. Amurka kuwa babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ba da hutun shekara da albashi. Wata dokarta ta 1993 ta ba wasu ma'aikata mako 12 ne don haihuwa ko jinya, kuma ba tare da biya ba. A Gana dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aƙalla ranakun aiki 15. Ta Najeriya ranakun aiki 6 kacal ta ce bayan an cika wata 12 ana aiki. Wanda ya zuba waɗannan mutane duka a jeri ɗaya ya kwatanta jimillarsu, dokokin ƙasashe yake aunawa yana zaton ƙwazo ne.

Namu na nan gida da ke yi wa kamfanonin waje aiki suna da ƙarin wata matsalar da Bature bai cika tunawa da ita ba. Kirsimeti ranarta ɗaya kowace shekara, kowace manhaja ta san da ita, kowane shugaba ya san ƙarshen Disamba ba a tsammanin komai. Sallah kuwa sai an ga wata. A Afrilun 2024 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da hutun Ƙaramar Sallah ranakun 9 da 10, da azumi ya cika talatin sai ta ƙara ranar 11. Rukunin da ya tsara zangonsa tun farkon wata, yini guda ya ɓace wa duk ɗan Najeriyan da ke cikinsa ba shiri. Bayan haka, shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka azumi da Sallah suna matsowa baya kowace shekara. Mai kwatanta watan Maris na bana da Maris na bara zai iya ganin faɗuwa ko tashin da ba komai ba ne illa wata da ya matsa.

Yanzu mu zo ga abin da ma'aikaci ke yi idan ya gane mudun nan bai san da hutu ba. Abin da ƙanena ya yi shi yake yi. Wani masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Charles Goodhart, ya lura a 1975 cewa duk ma'aunin da hukuma ta kama ta mayar abin dogaro wajen juya al'amura, sai ya daina nuna abin da yake nunawa a da, domin mutane za su koma yi wa ma'aunin aiki. A kan kuɗi ya yi maganar, amma ta zauna daram a kan masu kod. Shafin kowane mai amfani da GitHub yana da wani zane na ƙananan murabba'ai, kowanne rana guda, ranar da ka yi aiki ta yi kore, ranar da ba ka yi ba ta zauna fayau. A da har akwai lambar da ke ƙirga kwana nawa ka jera ba fashi. Mutane suka dinga tura ɗan abu kowace rana, Asabar da Lahadi, lafiya da ciwo, don kada jerin ya tsinke. A 2016 GitHub ya cire wannan ƙirgar. Wasu masu bincike da suka bi sawun abin suka wallafa a 2021 cewa bayan cirewar, aikin ƙarshen mako ya ragu, haka ma ranakun da mutum ke tura abu ɗaya tak. Lura fa, wannan lamba ce da ba ta ƙara wa kowa albashi. Ina ga wadda abincin mutum ya rataya a kanta?

A ƙarshen Oktoban 2022, kwanakin da Elon Musk ya karɓi Twitter, kafafen labaran Amurka sun ruwaito cewa an umarci injiniyoyi su buga kod ɗin da suka rubuta cikin kwana 30 zuwa 60 da suka gabata domin a duba. Ni da na ji labarin, wanda ya faɗo mini a rai shi ne wanda waɗannan kwanakin suka same shi a hutun haihuwa ko gadon asibiti. Me zai buga?

Abin takaicin shi ne, waɗanda suka ƙirƙiro ma'aunan nan ba don haka suka yi su ba. Makin aiki da gudun rukuni sun fito ne daga salon aikin da Kent Beck da abokansa suka yaɗa a ƙarshen shekarun 1990, kuma amfaninsu guda ne: rukuni ya san iya abin da zai iya ɗauka a zango mai zuwa, kada ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Kamar mai jaki ne da ya san iya buhun da jakinsa ke kaiwa kasuwa. Ron Jeffries, wanda ake jingina wa ƙirƙiro makin aiki, ya rubuta a 2019 cewa in dai shi ya ƙirƙiro su to yana ba da haƙuri, saboda yadda ake amfani da su. Ma'aunai huɗu na DORA da Nicole Forsgren da Jez Humble da Gene Kim suka bayyana a littafinsu Accelerate na 2018, wato yawan fitar da sabon gyara, da lokacin da gyara ke ɗauka kafin ya isa hannun masu amfani, da yawan gyaran da ke jawo tangarɗa, da saurin farfaɗowa bayan tangarɗar, dukkansu rukuni da tsarin aikinsa suke aunawa, babu sunan mutum a ciki. A 2021 Forsgren da wasu abokan bincikenta suka fito da tsarin SPACE, suka ce lamba ɗaya ba ta isa ta nuna ƙwazon injiniya ba, kuma abu na farko a jerinsu shi ne gamsuwar ma'aikaci da lafiyarsa.

To mene ne gyaran? Na farkonsa ba shi da wuya. Kafin a fara zango, a zauna a ƙirga yinin da ake da su a zahiri, a cire hutun gwamnati na kowace ƙasa da ke cikin rukunin, a cire hutun da aka riga aka amince wa kowa, sannan a ɗauki aiki daidai abin da ya rage. Kayan aikin ma sun tanadi wurin: a Jira ana iya saka ranakun da ba na aiki ba, a Azure DevOps kuma ana iya rubuta ranakun hutun kowane mutum da na rukuni baki ɗaya a kowane zango. Sau da yawa ba wanda ya cike gurbin ne kawai. In za a nuna wa manya allo, a rubuta yinin da aka samu kusa da makin da aka gama, a kuma duba zango shida ko takwas a jere maimakon a kama guda ɗaya a yi ta hayaniya.

Amma kada wani ya ɗauka da an raba da yawan yini an gama. Garin gudun gara ana iya faɗawa zago. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani katafaren aikin manhaja a IBM, ya nuna tun 1975 cewa mutane da watanni ba a musanya su kamar tsabar kuɗi a wannan sana'a, har ya ce ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi. Juya maganar ka ga ɗaya fuskarta: cire mutum ɗaya cikin biyar ba kullum yake cire kashi ɗaya cikin biyar ba. Idan wanda ya tafi shi kaɗai ya san ɓangaren biyan kuɗi, ayyuka uku na iya tsayawa cak suna jiransa. Idan kuma sabon ɗauka ne da ake koya wa aiki, sauran ma sauri za su ƙara. Sannan hutun kwana 10 ya fi kwana 10 ci. Yinin ƙarshe kafin tafiya a rubuta bayanin miƙa aiki yake ƙarewa, yinin farko bayan dawowa kuma a karanta saƙonni da gano inda aka kwana. Waɗanda aka bari a baya su ma nasu lambobin sauka suke yi, don su ke duba gyaran da shi ya saba dubawa, su ke karɓar zaman ko-ta-kwana na dare a madadinsa, kuma allo ba ya ƙirga wannan.

Mafi munin tarkon shi ne a ɗauki wannan rabawar a ɗora wa mutum ɗaya-ɗaya, a ce wane maki kaza yake yi a yini. Nan take an buɗe wata ƙofar algus ɗin: mai wayo zai rubuta hutu ya zauna a gida yana aiki a ɓoye, don yininsa su yi kaɗan makinsa su yi yawa. Da can ana aiki ranar hutu don kada a ga sifili, yanzu ana yi don lamba ta kumbura. Hutun dai bai samu ba. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: lissafin yini na tsara aikin rukuni ne. In an zo tantance mutum, a cire lokacin hutunsa gaba ɗaya daga abin da ake dubawa, a kalli abin da ya yi a lokacin da yake nan, da idon wanda ya san aikin. Wadda ta yi wata uku cikin shida, a auna ta da wata ukun.

A cire ranakun, amma kada a tona dalilinsu. Allo yana buƙatar sanin cewa wance ba ta nan daga ranar kaza zuwa kaza. Ba ya buƙatar sanin ɓari ta yi ko tiyata aka yi mata. Wannan tsakaninta ne da ofishin kula da ma'aikata.

Akwai ma wani amfanin hutu da shugaba mai hankali zai so don kansa. Bankuna sun daɗe da sanin cewa ma'aikacin da ba ya yarda ya bar kujerarsa abin a sa wa ido ne, shi ya sa da yawansu ke tilasta wa masu riƙe da muhimman wurare tafiya hutu na kwanaki a jere, wani ya zauna a wurin. A Janairun 2008 bankin Société Générale na Faransa ya sanar da asarar Yuro biliyan 4.9 ta hannun wani dillalinsa, Jérôme Kerviel, kuma cikin alamomin da aka ce an yi sakaci da su har da yadda ba ya son tafiya hutu. A harkar manhaja ba sata ake tsoro ba galibi. Abin tsoron shi ne ilimin da ya taru a kan mutum ɗaya. Ranar da ya tafi hutun mako biyu komai ya tsaya, kamfani ya samu labarin da gara ya same shi yanzu da ranar da mutumin zai ajiye aiki ko ya kwanta ciwo. Rukunin da ɗayansu zai tafi Hajji ya dawo ya tarar ba abin da ya rushe, wannan rukunin ne ya ƙware, ko da layinsa a allo ya ɗan sauka a watan.

Jiki kuma magayi ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Faransa tun farkon 2017 ta sa a dokarta cewa ma'aikaci yana da haƙƙin kashe wayar aiki bayan an tashi. Manomi ya san gonar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu ba taki, wata rana ko irin da aka zuba ba za ta mayar ba. Aikin kod kuwa da kai ake yin sa, kuma gajiyayyen kai shi ke rubuta kuskuren da mutum uku za su kwana suna nema.

Matasanmu suna ta shiga wannan sana'a, musamman tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da mutane fasahar zamani mai suna 3MTT a 2023, kuma da yawansu burinsu aikin waje mai biyan dala. Akwai abin da ya kamata su sani. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci, ta cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru, don haka abin da ke kare injiniya shi ne takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Da yawa kuma a matsayin ɗan kwangila ake ɗaukarsu, ranar da ba su yi aiki ba babu biya. Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi kwana nawa ne hutun, a rubuce. Tambayi ko hutun ƙasarka ake bi ko na ƙasarsu. In suka ce hutunsu ba shi da iyaka, tambayi kwana nawa mutane ke ɗauka a zahiri, don hutun da ba a ƙayyade ba sau da yawa kunya ke hana a taɓa shi. Sannan ka yi tambayar da ba a cika yi ba: idan na tafi hutu, me allonku ke rubutawa a gaban sunana? Tun farkon shekara ka aika wa manajanka kwanakin da ake sa ran azumi da Sallah biyu, ka gaya masa suna iya matsawa da kwana ɗaya, don Bature ba ya ƙin abin da aka sanar da shi da wuri.

Ku kuma da Allah ya ɗora a kan wasu, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja ko Yamai, ku buɗe allon nan gobe da safe ku duba sunan wanda ke ƙasa. Kafin ku kira shi ofis, ku tambayi ofishin ma'aikata kwana nawa ya yi a wurin aiki a watan. In kuma kun ga gyara ya shigo daga wanda kuka sa wa hannu a takardar hutu, kada ku yaba masa. Ku kira shi ku ce ya rufe kwamfutar ya koma cikin iyalinsa, ku kuma ku gyara allon.